Ɗan aiken da ke buɗe wasiƙa

A ƙarshen 2013 kamfanin AT&T ya fara sayar wa gidaje intanet mai saurin gaske a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, ya kuma sa masa farashi biyu. Wanda ya yarda kamfanin ya riƙa duba shafukan da yake shiga da abin da yake bincikawa, don a turo masa tallan da ya dace da shi, zai biya dala 70 a wata. Wanda ya ce a bar masa sirrinsa, dala 99. Layi ɗaya ne, sauri ɗaya ne. Dala 29 ɗin nan kuɗin kau da kai ne kawai. An janye tsarin a 2016, amma tambayar da ya tayar tana nan: shin wanda muka biya ya kai mana saƙo yana da haƙƙin cin riba da abin da ya gani a hanya?

Mun saba ɗora laifin leƙen asiri a kan Facebook da Google, kuma ba a yi musu ƙazafi ba. Sai dai kamfanin da ke ba mu data matsayinsa daban ne. Facebook rumfa ce a kasuwa, in ta ishe ka sai ka tsallake ta. Kamfanin layi shi ne hanyar da ke kai ka kasuwar gaba ɗaya, da asibiti, da gidan malami, da inda ba ka son a gan ka. Duk abin da ya fita daga wayarka ta hannunsa yake bi. Yanzu yawancin shafuka suna kulle abin da ke cikinsu, don haka kamfanin ba ya karanta kalmomin da ka rubuta. Amma galibi yana ganin sunan shafin da ka nufa, da lokacin da ka shiga, da daɗewar da ka yi, da hasumiyar da wayarka ta kama, wato kusan unguwar da kake. Wanda ya san cewa ƙarfe 2 na dare ka yi minti 40 a shafin masu maganin rashin haihuwa ba ya bukatar ya karanta komai.

Mu da muka san zamanin da ake ba direban mota wasiƙa a tasha mun san dokar wannan aiki ba tare da an rubuta ta ba. Direba ya san daga wa take, ya san gidan da za ta, wani lokaci ya san akwai kuɗi a ciki. Sanin nan dole ne, in babu shi saƙo ba zai isa ba. Amma sani ne na amana, an ba shi don aiki guda. Ranar da aka ji ya tsaya a wurin mai kanti yana cewa gidan wane an aiko musu kuɗi, ka kai musu atamfa, ya sauka daga ɗan aike ya koma ɗan rahoto, ko da atamfar ta yi wa matan gidan kyau.

Kamfanin Verizon ya yi abin da ya fi wannan. Tun daga 2012 yake manna wata lamba ta musamman a jikin saƙonnin intanet na masu amfani da layinsa, lambar da shafukan da ba a kulle ba suke iya gani. Mai waya bai sani ba, kuma goge tarihin bincike ba ya cire ta, domin ba a cikin wayar take ba, a hanya ake liƙa ta. Masu bincike suka bankaɗo zancen a 2014, daga baya aka gano wani kamfanin talla mai suna Turn yana amfani da lambar wajen dawo da alamomin bibiya da mutane suka goge da hannunsu. A 2016 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci Verizon tarar dala miliyan 1.35, kuɗin da ga kamfani irin wannan bai kai na cefane ba.

A Oktoban wannan shekara hukumar ta kafa ƙa'idar cewa sai kamfanin layi ya nemi izinin mutum kafin ya yi kasuwanci da tarihin bincikensa. Ƙa'idar ba ta kai ga fara aiki sosai ba. A Maris na 2017 majalisar dattawa ta soke ta da ƙuri'a 50 da 48, ta wakilai da 215 da 205, Shugaba Trump ya sa hannu a farkon Afrilu. Hujjar masu sokewa ita ce adalci: me zai sa a ɗaure kamfanonin layi alhali Google da Facebook suna sheƙe ayarsu? Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Amma idan an tarar da mutum biyu suna leƙe ta katanga, ɗaya an hana shi ɗaya ba a hana ba, daidaita su hanya biyu ce, kuma majalisar ta zaɓi ta ƙara wa na farko tsani.

Za a ce mana, to mene ne a ciki? Talla ne fa. Kuma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Nan ne muke ganin an cuɗa abubuwa biyu da Hausa ta raba tun tuni. Ɓoye laifi daban, rufin asiri daban. Idan muna roƙon Allah ya rufa mana asiri ba muna nufin mun yi sata ba ne. Muna nufin kada talaucinmu, da ciwonmu, da rigimar cikin gidanmu su fita waje kafin mu shirya. Magidancin da ke neman rance a intanet ba mai laifi ba ne. Matar da ke karanta alamomin wata cuta ba ta yi wa kowa komai ba. Gidan Bahaushe yana da zaure ne don mai gida ya zaɓi wanda zai wuce ciki, ba don ana aikata ɓarna a tsakar gida ba. Hanin da Suratul Hujurati ta yi ga bin diddigin mutane ma bai zo da sharaɗin cewa sai in wanda ake bibiya yana da abin kunya ba.

Kuma tallan ba ya tsayawa a talla. Wanda aka gane yana cikin matsi shi ake turo wa bashi mai ruwa da caca, a daidai daren da ƙarfin zuciyarsa ya yi ƙasa. Bayanin da aka tara don mai talla yakan sami wasu masu saye. A 2024 FCC ta ci manyan kamfanonin waya na Amurka tarar kusan dala miliyan 200 saboda sayar da bayanan wurin da masu layi suke, bayanan da suka bi hannun dillalai har suka isa ga mutanen da ba su da hurumin sanin inda kowa yake.

Sauran abin da kamfanoni ke fakewa da shi shi ne yarda: ai kun danna kun amince. Gaskiya ne muna dannawa, kuma ba ma karantawa. Amma yarda tana da ma'ana ne idan ƙi yana yiwuwa. Ɗalibin da rajistar jarrabawarsa take intanet, da mai sana'ar da cinikinta ke WhatsApp, ba za su ce sun fasa ba. Wurare da yawa a karkarar Amurka kamfani ɗaya ne ke kai intanet mai ƙarfi, kamar yadda a ƙauyukanmu da dama layi ɗaya ne ke kamawa. Tsarin AT&T ya fi sauran gaskiya ta fuska ɗaya, domin ya faɗi farashin a fili. Amma abin da ya faɗa ɗin ne abin tsoro: mai hali ya sayi sutura, marar hali ya biya da tsiraicinsa. Ba mu yarda a sayar da mutunci a kan wannan sikeli ba a wasu wurare. Likita ba ya rage kuɗin gani ga wanda ya amince a faɗa wa maƙwabta ciwonsa.

Wannan labarin Amurka ne, amma igiyarsa ta taɓo mu. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya a Najeriya da lambar NIN, don haka abin da layi ya gani yana rataye da suna, da hoto, da zanen yatsa. Akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta ba mutum damar tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, ya kuma ƙi a yi amfani da shi wajen tallata masa kaya. Da yawanmu mun san tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. Wannan yana hana saƙon shigowa wayarmu ne, bai ce komai ba game da abin da aka riga aka rubuta a kanmu a can ɗaya ɓangaren.