Shisshigi ko Taimako?

Turawan Ingila da na Amurka suna da wasu irin littattafan hira da su ke ƙauna ƙwarai. Labarin kisankai ne, amma ba a kwatanta jini a ciki, ba kuwa ashar. Galibi a ɗan ƙaramin gari abin kan auku, inda kowa ya san kowa. Wanda zai gano mai laifin kuwa ba ɗan sanda ba ne. Wata tsohuwa ce mai saƙa, ko ma'aikacin laburare, watau gidan da a ke ajiye littattafai don jama'a su riƙa ara. Sau da yawa har da kyanwa a gefe. Wata Ba'amurkiya, Lilian Jackson Braun, ta soma a 1966, ta rubuta littafi 29 a kan wani ɗan jarida da muzurunsa Koko, wanda kan turo littafi daga kan kanta, ubangidan ya duba ya sami alama. Wannan kam almara ce, ba wanda ya ɗauke ta gaskiya.

Amma ga abin tambaya. Tun muna yara aka hore mu kada mu sa baki cikin abin da ba ruwanmu. To, don me mutumin da za mu kira ɗan shisshigi in maƙwabcinmu ne, mu kan yaba masa in mun gamu da shi a littafi?

Bari mu duba uwar ɗakinsu duka, Mis Marple, wadda Agatha Christie ta ƙago. Tsohuwa ce, ba ta taɓa aure ba, kullum tana cikin lambunta tana lura da mai shiga da mai fita. A wani littafi da ya fito a 1942, aka wayi gari aka ga gawar wata yarinya a ɗakin littattafan wani dattijo, Kanar Bantry. Bai san ta ba, bai taɓa ganinta ba. Matarsa ta kira Mis Marple, domin ta san halin mutane. In ba a gano mai laifin ba, ba wanda zai kai mijinta gaban alƙali, amma za a ce ruwa ba ya tsami banza. Za a daina gayyatarsa, a riƙa kau da kai in an hango shi, har baƙin ciki ya cinye shi, ba kuwa damar ya kāre kansa tun da ba wanda ya tuhume shi a fili. Wannan hukunci ya fi na kotu tsanani, don ba shi da ranar ƙarewa.

A nan ne, a ganina, mai tsegumi da mai bincike su ka rabu, ko da ya ke idonsu ɗaya, kunnensu ɗaya. Mai tsegumi da ya ji abu sai ya watsa, zato ya bazu kan mutum goma. Ita kuwa tsohuwar nan ta dubi faratan gawar, ta ga cizonsu aka yi da haƙori, ba yanka ba, ta riƙe abin a ranta. Ba ta ambaci sunan kowa ba sai da hujja ta cika, sa'an nan ma ga hukuma ta kai. Mutum tara su ka fita zargi saboda ta iya kame bakinta.

Sai dai kada daɗin labari ya ruɗe mu. Mis Marple ba ta kuskure domin marubuciyar na tsaye a bayanta, ita ta shuka alamun, ita ta san ƙarshen. Ni da kai ba mu da mai tsaya mana haka. Wanda ya karanta irin littafin nan ashirin ya kan soma jin shi ma gwani ne, ga shi kuwa yanzu kowa na da waya a hannu, abin da ya zata da safe kafin azahar ya kai kunnen dubbai.

An ga haka a Amurka a watan Afrilu na 2013, sa'ad da bam ya tashi wajen gasar gudu a birnin Boston, ya kashe mutum 3. Mutane da yawa su ka zauna a ɗakunansu suna duba hotuna a intanet, kowa na so a ce shi ya gano. Su ka ɗora laifin kan wani ɗalibi da ya ɓace wata guda kafin abin, don wai ya yi kama da wanda a ke nema. Iyayensa na cikin jimamin nemansa, sai ga zagi da bugun waya ba dare ba rana. Yaron ba shi da hannu ko kaɗan. Bayan 'yan kwanaki aka tsamo gawarsa daga kogi.