Ɓeran Ma'arib da Madatsar Tiga

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin mutanen Saba'i cikin surar da aka yi wa laƙabi da sunansu. Suna da babbar madatsar ruwa a Ma'arib ta ƙasar Yaman, ga lambuna dama da hagu. Da suka butulce sai ya sako musu ambaliya. Waɗansu malaman tafsiri sun ce sababin da Allah ya sanya shi ne ɓera, wanda ya yi ta haƙa a gindin ginin.

Tun ina ɗalibi nake mamakin wannan ɓera, sai da na ji bayanin masana. Madatsar da aka gina da ƙasa ta hanya biyu take ɓallewa: ko ruwa ya cika ya haura kanta ya zaizaye ta, ko ya sami ramin ɓera, ko gidan gara, ko saiwar itace, ya riƙa tsatsa ta ciki. In ruwan da ke tsatsowa ya fito garau, da sauƙi. In ya fito da laka, to, cikin ginin yake ci, kuma wajibi ne ga wanda ya gani ya sanar da hukuma nan take.

A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ƙasar Kano ta fashe. Maƙwabciyarta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Sai a 1992 aka rage tsayin mafitar ruwanta da mita 3.5. An yi hasarar ruwan noma mai yawa domin a tsare rayuka, kuma haka shari'a ta tsara: rai yana gaba da dukiya. Kada mu mutanen Gamu mu ce abin ya yi mana nisa. Ruwan Tiga ta Haɗeja yake bi ya faɗa Komadugu, har gaɓar Difa inda danginmu ke noman tattasai.

Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Na ji masu cewa ƙaddara ce. Haƙiƙa ƙaddara ce, amma malamanmu na Malikiyya sun ɗora lamuni a kan wanda bangonsa ya karkata, aka gargaɗe shi bai gyara ba, har ya faɗa wa mutane. Ina ga bangon da ke riƙe da ruwa a saman birni guda?

Allah ya jiƙan waɗanda ruwan ya ci, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri. Amin.