Ƴar'uwa, Tsaya Tukuna

Wata biyu ke nan ba ki ga al'adarki ba. Yaron da ke bayanki ko tafiya bai fara ba, hatsin rumbu ya yi ƙasa, maigida ya tafi cin rani. Kina tsoron matan gari su ce kin yi kwanika. Ko kuwa ke budurwa ce, saurayin ya ce bai san zancen ba. Wata ta raɗa miki a bakin rijiya cewa akwai abin da za ki sha, cikin ya fita, ba wanda zai sani.

Ƴar'uwa, kada ki yi hanzari. Ki karanta wannan takarda har ƙarshe. In kuwa kai ne miji ko uba, maganar ta shafe ka.

Gardamar duniya

Mutane suna ta gardama a kan zubar da ciki. A Amurka babbar kotu ta halatta shi a 1973, a 2022 kuma ta soke hukuncin, ta bar wa kowace jiha ta yi dokarta. Faransa ta halatta shi a 1975. Maƙwabciyarmu Benin ta sassauta dokarta a 2021. Waɗansu suna cewa jikin mace nata ne, ita ce da zaɓi. Waɗansu suna cewa akwai rai na biyu a ciki, wanda ba shi da bakin magana. A Nijar doka ta hana, amma dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta keɓe hali biyu: in cikin zai jefa ran uwa da lafiyarta cikin hatsari, ko in ɗan yana da wata muguwar cuta. Ko a nan ma sai likitoci sun duba sun yarda.

Dokoki suna sākewa, amma ke ce za ki zauna da abin da kika yi. Saboda haka ki san gaskiya tun da wuri. Karin Magana 19:2 ta gargaɗe mu a kan himma da gaggawa ba tare da sani ba.

Mene ne ke cikinki?

Masu ba da magani sukan ce gudan jini ne kawai. Ba haka ba ne. Wajen mako shida bayan al'adarki ta ƙarshe, zuciya ta fara bugawa. Kafin wata uku su cika akwai hannuwa da ƙafafu da yatsu. A wata na huɗu ko na biyar za ki ji motsi. Manomi ya san geron da ya tsira jiya gero ne, ko da bai yi zangarniya ba.

Ki buɗe Zabura 139. Dawuda ya yabi Allah domin ya san shi, ya kuma siffata shi tun yana cikin uwarsa. Haka Ubangiji ya kira Irmiya tun ba a haife shi ba. A Luka sura 1, da Maryamu ta gai da Alisabatu, jaririn da ke cikin Alisabatu ya motsa. Shi ya sa mu masu bi muke cewa ɗan da ke ciki amanar Allah ce a hannunmu.

Hatsarin maganin ɓoye

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 45 cikin 100 na zubar da ciki a duniya ana yinsa ta hanya mai hatsari. Saiwa, jiƙo, ƙwayoyin masu talla a kasuwa, ko sa wani abu a cikin mahaifa, duka suna iya kawo zubar jini da ruɓewar mahaifa. Wata ta tsira amma ba ta ƙara haihuwa ba. Wata ta bar marayu huɗu domin tsoron bakin mutane.

In kin riga kin sha wani abu, kuma ga jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai wari, ko jiri, ki tafi likita yau, kada ki bari sai gobe. Ki faɗa wa ma'aikaci abin da kika sha. Kunya tana wucewa, wanda ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Ranki ma yana da daraja

Allah bai ƙaunaci jariri ya ƙi uwa ba. Wani lokaci ciki yakan zauna a waje da mahaifa. Irin wannan ɗan ba zai rayu ba, in ba a yi wa uwa aiki ba jijiya takan fashe ta mutu. Likitan da ya ceci ranta bai yi laifi ba, ita ma ba ta yi ba. Haka kuma ɓari yakan sami mata da yawa ba da laifinsu ba. Kada kowa ya zargi wadda ta yi ɓari.

To, ki je awon ciki da wuri. Ki yi tambaya: wata nawa ne cikin? Lafiyata ƙalau? In akwai hatsari, wane iri ne, me za a yi? Kina da ikon jin amsa da Hausa sarai. Ke da mijinki kuma ku tambayi ungozomar asibiti hanyar ba da tazara tsakanin haihuwa, don jikinki ya huta.

Kai miji, kai uba

Mace ba ta yin ciki ita kaɗai. Dawuda ya so ya rufe asirin cikin Bat-sheba, dabararsa ta kai ga mutuwar Uriya. Yusufu kuwa bai so ya kunyata Maryamu ba, ya ji maganar Allah, ya ɗauke ta. Wanne za ka bi? Kada ka miƙa mata jika biyu ka ce ta san yadda za ta yi. Kai uba, in ka kori ƴarka, hannun mai maganin ɓoye ka tura ta. In kuwa tilas aka yi mata, laifin yana wuyan wanda ya yi, a kai ta likita nan da nan.

Ku ma ƴan ikkilisiya, in mun ce a bar ɗan ya rayu, sai mu buɗe rumbunanmu. Zumuntar mata ta ɗauki tiyar hatsi da sabulu da zane ta kai, a raka ta awo, a zauna da ita ran suna. Hajaratu ta gudu jeji da ciki, Allah ya gan ta a can, ya ba ta alkawari (Farawa 16). Kada mu juya wa wadda Allah yake gani baya.

In kin riga kin yi fa?

Wataƙila shekaru sun wuce, abin yana cin zuciyarki da dare. Ki tuna da matar da aka kawo gaban Yesu a Yahaya sura 8. Masu duwatsu suka watse ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai hukunta ta ba, ya sallame ta ta fara sabuwar rayuwa. Ya mutu a kan gicciye saboda zunubinki da nawa. Ki faɗa masa, zai gafarta. Ki nemi matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙon asiri, ku yi addu'a tare.

Addu'a

Ya Ubangiji, ka san tsorona, ka san abin da ke cikina. Ka ba ni hikima da ƙarfin hali in nemi gaskiya, ka aiko mini da masu taimako. Ka kiyaye raina da ran ɗana. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.