Turmi na biyu

Hausawa suna da karin magana guda biyu da ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Na farko ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na biyu ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Duka biyun mun gaje su daga kakanni, muna kuma ɗauko su yadda ya yi mana daɗi: na farkon ranar da yaro ya ba mu mamaki, na biyun ranar da ya ba mu kunya. Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne, tsakanin wannan rana da waccan, me bakinmu ya yi wa yaron.

Tambayar ta same ni ne a wata fada ta samari a nan Tawa, inda na tarar da tsofaffin ɗalibaina sun haɗa kawuna a kan salula guda, shayi yana tafasa babu mai kula da shi. Damben keji suke kallo, wanda ake kira MMA, inda ake rufe mutum biyu cikin shingen waya a bar su da naushi da shuri da kokowa da shaƙa. Samarin Adar sun san Francis Ngannou kamar ɗan unguwarsu, tun da sun ji cewa ya ratsa Nijar a kan hanyarsa ta zuwa Turai kafin ya zama zakaran duniya a 2021. Amma ranar nan wani ɗan Kamaru daban suke kallo, cikin tsohon bidiyo. Ɗayansu ya ɗago kai ya ce da ni: "Mushe, wannan da ke da irin wannan hannu, ina ya shiga?"

Mutumin shi ne Rameau Thierry Sokoudjou, wanda za mu rubuta Sokuju. An haife shi a Kamaru a 1984, ya tashi cikin wasan judo, ya tafi Amurka, ya shiga horo a wajen shahararren ɗan dambe Dan Henderson. A watan Fabrairu na 2007, yana da shekara 22 kuma karawa uku kacal ya taɓa yi ta sana'a, kamfanin Pride na ƙasar Japan ya haɗa shi a Las Vegas da Rogério Nogueira na Birazil, ɗaya daga cikin manyan ajinsa a duniya. Kowa ya ɗauka an kawo shi ne ya sha kashi a biya shi. Cikin daƙiƙa 23 ya shimfiɗe Nogueira. A watan Afrilu aka sake ba shi wani babban, Ricardo Arona, ya gama da shi kafin minti biyu su cika. Masu shela suka yi ta yayata kirarinsa, wanda ma'anarsa makashi daga Afirka. Kafin shekara ta ƙare kamfanin UFC ya ɗauke shi.

Daga nan labarin ya juya. A Disamba ta 2007 Lyoto Machida ya shaƙe shi har ya sallama. Ya ci karawa ɗaya a Mayu na 2008, sannan a Oktoba Luiz Cané ya buge shi a Birmingham ta Ingila, UFC ta sallame shi. A Janairu na 2009 Renato Sobral ya shaƙe shi, a Nuwamba Gegard Mousasi ya buge shi. Ya ci gaba da dambe shekaru da dama, ƙasa bayan ƙasa, yau ci gobe kashi, har lissafin biyun ya kusan yin kunnen doki. Ina roƙon mai karatu ya riƙe abu guda daga wannan jeri: kashin nan huɗu, dukkansu a turmi na biyu ya sha su.

Da na ba samarin wannan labari, amsoshi uku suka fito, kuma su ne dai ukun da nake ji a bakin filin Hamidin Maidare duk lokacin da wani gwani ya fara sanyi. Wani ya ce asirinsa ne ya karye. Wani ya ce girman kai ne, ya ga kuɗi ya bar horo. Na ukun, wanda ya fi su karatun allo, ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta masa ke nan.

Ta asiri ba zan tsaya a kanta ba. Laya ba ta san agogo ba, balle ta riƙa karyewa a turmi ɗaya tak. Ta girman kai zargi ce da muke jifan duk wanda ya faɗi da ita, ba tare da mun kwana gidansa ba, kuma addini ya hana mu zato irin wannan. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta rufe bakin tambaya: manomin da farin ya ci gonarsa yana sallama wa Allah, yana kuma duba ko ya yi latti wajen shuka. Abin da ya haɗa amsoshin uku shi ne babu wadda ta taɓa ɗan kallo. Boka, ko ɗan dambe, ko alƙalamin ƙaddara. Mu dai da muka yi guɗa hannunmu fes yake.

To, mu koma ga turmi na biyu. Turmi a wannan dambe minti biyar ne, karawa kuma turmi uku. Mutum mai ƙirar ƙarfi, wanda ke sakin duk ƙarfinsa cikin kowane naushi, kamar mai kashe kuɗin damina ne ranar kasuwar farko. In abokin karo ya faɗi, ya ci riba. In bai faɗi ba, a minti na takwas hannuwa sun yi nauyi, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, dabara ma ta fice daga kai. Akwai ilimin da sai a wannan minti ake koyonsa: yadda ake ajiye ƙarfi, yadda ake hutawa a tsaye, yadda ake tashi in an danne ka. Nasarori biyun da suka yi wa Sokuju suna, in an haɗa su, ba su kai minti biyu da rabi ba. Sun nuna wa duniya cewa yana da hannu, amma ba su koya masa komai ba game da minti na takwas.

Maganin wannan sananne ne ga kowane mai horarwa: a ba yaro ƙananan karawa masu tsawo, ya gaji, ya sha wuya, ya faɗi ma inda faɗuwa ba ta da tsada. Amma wa zai biya kuɗi ya ga wanda ya kayar da Nogueira yana wasa da ƴan koyo? Sunansa ya riga ya yi wa iliminsa nisa, kuma da suna ake sayar da tikiti. Sai aka ci gaba da ba shi manya. Machida ya zama zakaran UFC a Mayu na 2009. Sobral da Mousasi kowannensu yana riƙe da kambun kamfanin Strikeforce lokacin da suka gamu da shi. Ɗan aji ɗaya ne ya amsa tambayar aji shida, aka ɗauke shi aka zaunar da shi can, sannan aka yi ta mamakin yadda yake faɗuwa jarrabawa.

Kokowarmu ta gargajiya ta san wannan haɗari, ta kuma yi masa shinge ba tare da ta rubuta doka ba. A ƙauyukan arewacin Adar, wajen Barmu da Kalfu da Takanamat, idan an gama kaka hatsi ya shiga rumbu, sai kiɗa ya tashi a dandali. Yara ne ke buɗe fili, samari su biyo, manya sai dare ya yi nisa. Yaron da aka kayar yakan tashi ya kakkaɓe ƙasa, a yi masa dariya, sati mai zuwa a gan shi a wani gari. Kafin makaɗi ya kama sunansa ya sha ƙasa sau da yawa, kuma babu wanda ya ajiye lissafin. Ko da hukuma ta mai da kokowa gasar ƙasa a 1975, zamanin Saini Kunce, inda aka fara a nan Tawa kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, tsanin bai karye ba: sai ka fito daga ƙauye, ka tsallake zaɓen jaha, kafin ka shiga cikin goman da kowace jaha daga takwas ke aikawa. Ta wannan tsani su Kadade Zambo suka hau har suka kawo mana takobi gida. Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki na shida a Agadas a ƙarshen 2023, shi ma an sha ganin bayansa a ƙasa tsakanin wani takobi da wani.

Abin da salula ta kawo shi ne lissafi. Yau saurayi ya kayar da wani mai suna a bikin ƙauye, kafin asuba bidiyon ya kai Abijan da Legas, wajen ƴan uwanmu da suka tafi bida. Kyauta ta fara zuwa, maroƙa su kama kirari, masu shirya wasa su nemi haɗa shi da na sama da shi. Faɗuwarsa ta farko ma haka za ta zaga, a yi ta maimaita ta. An rufe masa dandalin da ake faɗuwa a ɓoye.

Ba ina wanke ɗan wasa ba ne. Baligi ne, yana da bakin cewa bai shirya ba, kuma numfashi abu ne da ake nema da gudun asuba. Sai dai in muna da adalci mu tambayi kanmu wane saurayi ne a Adar, da uwa da ƙanne a bayansa da rumbun da ba ya kai Mayu, zai mayar da kuɗi ya ce a bar shi ya ƙara koyo. Muna neman ɗan shekara ashirin ya yi haƙurin da mu masu furfura ba mu yi ba lokacin da muke tura shi.

A Faransanci ana kiran irin wannan saurayi espoir, wato abin sa rai, ana kuma cewa yana cike da alkawari. Ina koyar da kalmomin nan shekara da shekaru kafin in lura da ƙaryar da ke cikinsu. Yaron bai ɗauki alkawarin komai ba. Mu muka ɗauka da sunansa, muka sa masa ranar biya, da ranar ta wuce muka kira shi mai saɓa alkawari. Na san haka domin na taɓa yi. Shekaru da suka wuce na samu ɗalibi a ajin farko na kwaleji wanda ya rubuta shafi guda da ya fi ƙarfin shekarunsa. Na karanta shi a aji, na kai ɗakin malamai, na yi wa yaron laƙabi da sunan wani babban marubuci. Daga ranar ya daina ɗaga hannu sai in ya tabbata da amsa, ya daina nuna mini rubutun da bai gamsu da shi ba, daga baya ya daina rubutawa. Na daɗe ina cewa lalaci ne ya kama shi.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa samarin fada ba sai da shayi na uku ya zo. Cikin karawa ukun da Sokuju ya yi kafin Las Vegas, ɗaya kashi ya sha, a Oktoba ta 2006, a wani ƙaramin wasa da kusan babu wanda ya kula da shi. Wanda ya buge shi wani ɗan Birazil ne mai suna Glover Teixeira. Shi ba a yi masa guɗa ba. Matsalar takardun shiga Amurka ta tsare shi a ƙananan fagage shekaru, bai shiga UFC ba sai 2012. Ya nemi kambu a 2014 ya rasa, ya sha kashi a hannun wasu bayan haka. A Oktoba ta 2021, yana da shekara 42, ya shaƙe Jan Błachowicz ya zama zakaran duniya. Wanda ya fi karatun allo ya tambaye ni a wane turmi. Na ce masa a na biyu.