Hirar Dare A Ƙasar Baƙunci: Ina Laifin Wanda Bai Taɓa Haram Ba?

  

Ya kai ɗan'uwana matashi, ga wata mas'ala da nake so mu duba tare. Mutum ne bai sha giya ba, bai je gidan rawa ba, bai bi mace ba, amma kullum hirar dare tana cinye masa safiyarsa. Shin yana da laifi ko babu? Kada ka yi gaggawar ba da amsa, domin mutumin nan ni ne.

A shekarar 2023 na tafi Alƙahira ta ƙasar Masar, na yi watanni 3 ina koyar da Hausa a wata cibiyar harsuna. Na isa a watan Yuni. Mu a nan damina ta sauka ke nan, su kuwa lokacin ne bazararsu take kankama, ba hadari ba yayyafi. A watan Yuli akwai ranakun da zafi ya haura digiri 40, ga shi kuma a wannan watan aka soma ɗauke wutar lantarki unguwa-unguwa. Wanda ya san Sakkwato a watan Afirilu ya san abin da nake nufi, sai dai can benaye ne na siminti, su yini suna shan rana, da dare su amayo maka ita a cikin ɗaki.

Saboda haka mutanen garin sai su juya rayuwarsu. Da rana kowa ya lafe. Bayan Magariba gari ya farka: magidanci ya fito da iyalinsa gadar Ƙasarun Nil shan iska, masu gasa masara sun jeru a bakin Kogin Nilu, ga masu matse ruwan rake, ga jiragen ruwa da fitilu kala-kala da kiɗa. Kowane lungu akwai gidan shayi da suke kira ahawa, ana shan shayi da na'ana'a, da zoɓo wanda su ke ce wa karkade, wasu na busa shisha. Gidajen rawa kuwa kowa ya san suna can wajen titin Haram, mai nema ba ya ɓata.

Ban zarge su a kan fitowar dare ba, kai ma kada ka zarge su. Shari'a ta san da zafi. Buhari da Muslim sun ruwaito umurnin a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har rana ta yi sanyi. Aya ta 58 cikin Suratun Nur ta ambaci tsakar rana a cikin lokutan da mutum kan tuɓe tufafinsa ya huta. Talakan da ɗakinsa ya zama tanda, in ya fito da 'ya'yansa bakin kogi, wa zai ce ya yi saɓo?

To, ga inda tawa ta ɓaci. A shekarar aka dawo da tura agogo gaba da awa 1, sai Lisha ta koma wajen ƙarfe 9:30, alfijir kuma ya keto jim kaɗan bayan ƙarfe 4:00. Watau duk daren bai cika awa 7 ba. Ni da wasu abokan aiki mukan zauna ahawa bayan Lisha, daga nan mu taka zuwa bakin kogi, sai wajen ƙarfe 2:00 in koma masauki. Zoɓo nake sha, ban ko taɓa shisha ba, har ina jin kaina wani waliyyi in na dubi masu shiga tasi zuwa titin Haram. Amma a cikin mako guda sau 3 rana ta tashe ni ban yi Asuba ba. Ajina ƙarfe 9:00 ne, sai in shiga ido jajir, in maimaita darasin jiya domin ban shirya na yau ba. Ran nan wani ɗalibi ya ce mini cikin ladabi, da Hausar da ni na koya masa, "Malam, wannan mun yi jiya." Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba a kan mumbari.

Na san hujjar da za ka kawo mini, domin ni ma na kawo wa kaina. Za ka ce ai hadisi ya nuna babu sakaci a cikin barci, wanda ya makara ya yi salla sa'ad da ya farka. Gaskiya ne. Har ma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, barci ya ɗauke shi da sahabbansa a hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, sai da rana ta fito. Amma ka duba ƙissar da kyau. Tafiyar dare ce ta gajiyar da su, sa'an nan sai da aka sa Bilalu ya yi tsaron alfijir, shi ma barci ya rinjaye shi. Ni wace tafiya na yi? Wa na sa tsaro? Na kwanta ƙarfe 2:00 ina sane da abin da zai faru, domin ya faru shekaranjiya. A ganina sakacin ya riga ya auku tun a kan kujerar ahawa, lokacin da na ce a ƙaro shayi.

Ka ji wadda ta fi wannan. A cikin Muwaɗɗa, Sayyidina Umar bai ga Sulaimanu ɗan Abu Hasma a sallar Asuba ba, ya tambayi mahaifiyarsa Shifa'u, ta ce ya kwana yana nafila ne barci ya kwashe shi. Umar ya nuna cewa halartar Asuba cikin jam'i ta fi masa tsayuwar dare ɗungum. Wanda ya kwana salla ke nan bai tsira ba, balle mai zoɓo.

Kada kuma ka fahimce ni baibai. Abu Barza ya ruwaito cewa Annabi yana ƙin hira bayan Lisha, amma Imam Buhari ya ƙulla babi a kan hirar dare don ilmi, da wani a kan hira da baƙo da iyali. Baƙo a ƙasar mutane yana bukatar abokin zama, kaɗaici ma ƙofa ce ta Shaiɗan. Ni kaina rabin Larabcin kasuwar da na iya a ahawa na tsince shi.

Abin da baƙunci ya tona mini shi ne wannan. A gida, in na rasa Asuba kwana 2, ladan zai aiko yaro a ji ko lafiya, mahaifiyata kuma ba ta barin ƙofa sai ta ji motsina. Shekara da shekaru ina zaton himmata ce take tashe ni, ashe da yawanta idon jama'a ne. Kai ma da kake shirin fita karatu ko aiki, ko kake raba dare a teburin mai shayi da wayarka a hannu, ka tambayi kanka nawa ne naka a cikin ibadarka, nawa ne na unguwa.

Ban daina zuwa ahawa ba. Na yanka wa kaina ƙarfe 11:00, na mai da shirya darasi bayan Asuba, na riƙa yin ƙailula bayan Azahar. Na kuma roƙi dattijon da ke gadin benenmu, mutumin Aswan, ya riƙa buga mini ƙofa in zai tafi masallaci. Abokaina sun yi ta yi mini ba'a, wai Shehu ya tashi tun dare bai fara ba. Duk da haka sau 1 na sake makara a watan Agusta, daren da aka ɗauke wuta na kasa barci don zafi. Dattijon ya ce ya buga har sau 3, ban ji ba.