FILIN ADDININ MUSULUNCI: Siffar Ƙasa A Wurin Malaman Da

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata gardama da takan tashi a zauruka, musamman da azumi, idan mai tafsiri ya iso aya ta 20 a Suratul Gashiya, inda Allah Ya umurci bayinsa su dubi yadda aka shimfiɗa ƙasa. Sai ɗan makaranta ya ce ai an koya musu duniya mulmulalliya ce, dattijo kuwa ya ce wannan ƙaryata Alƙur'ani ne. Daga nan sai a rabu, wannan yana jifan wancan da jahilci, wancan yana jifansa da kafirci. Alhali kuwa malaman Musulunci sun tattauna wannan mas'ala tun da daɗewa.

Gaskiya ne Imam Jalaluddin al-Mahalli, wanda ya rasu a 1459, ya rinjayar a cikin Jalalaini cewa zahirin ayar shimfiɗa yake nunawa. Amma a nan take ya bayyana cewa maganar malaman falaki ba ta rushe wani rukuni na shari'a ba. Watau shi kansa bai fitar da kowa daga addini a kanta ba.

Tun kafinsa, Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tabbatar a littafinsa Al-Fisal cewa ƙasa mulmulalliya ce. Ya kafa hujja da aya ta 5 a Suratuz Zumar, wadda ta siffanta shigar dare da rana da kalmar da Larabawa ke yi wa naɗin rawani, naɗi kuwa a kan abu mai kewaye ake yin sa. Shi kuma Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya warware ƙullin da cewa abu in ya cika girma, kowane yanki nasa shimfiɗaɗɗe yake a idon wanda ke tsaye a kansa. Saboda haka ƙasa shimfiɗa ce ga manomi da matafiyi da mai sujada, mulmulalliya ce kuma a jimlarta.

Musulmi ba su tsaya ga magana ba, har awo suka yi. Wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya aika masana filin Sinjar, suka auna tsawon daraja ɗaya daga cikin daraja 360 na kewayen duniya, suka sami mil 56 da sulusi biyu na Larabawa. Jimla ta kama mil 20,400, wanda ya yi kusa ƙwarai da awon yau na kimanin kilomita 40,000. Daga baya Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya sake awon daga kan wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yanzu. Babban abin da ya sa Musulmi suka himmatu ga wannan ilmi shi ne ibada, domin daidaita alƙibla daga ƙasashe masu nisa da sanin lokutan salla ba su inganta sai da shi.

Shaidar ma tana nan a gida. Mai azumi a Maiduguri yakan sha ruwa kimanin rabin sa'a kafin ɗan'uwansa na Sakkwato. Da a ce ƙasa faifai ce, da rana ta faɗi musu lokaci guda. Haka nan in an yi husufin wata, inuwar ƙasa da ke bisansa kullum mai kewaye ce.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi cewa mai musun abin da lissafi ya tabbatar da sunan kare addini, cutar addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Wannan ita ce hasarar da ake gudu ga 'ya'yan Musulmi. Wajibi ne dattijo ya bincika kafin ya yanke hukunci a kan imanin ɗansa. Wajibi ne kuma yaro ya yi bayani da ladabi, ya san cewa malaman addininsa sun riga shi sanin abin da yake alfahari da shi.

Allah Shi ne Masani. Allah Ya ƙara wa Musulmi ilmi mai amfani, amin.