Barcin Iri: Shin Jira Haƙuri Ne ko Ragwanci?



Akwai tambayar da ta daɗe tana raba kan dattawa da samari a garuruwanmu: mutumin da ya zauna yana jiran lokaci, mai haƙuri ne ko rago? Muna ganin ƙwayar irin da ke cikin rumbu tana da abin da za ta koya mana game da wannan.

Ku sani cewa busasshen iri ba matacce ba ne. Yana numfashi, sai dai numfashin ya yi ƙasa ƙwarai. Cikin kowace ƙwayar halittarsa akwai ƴan ɗakuna da masana ke kira mitokondiriya, inda ake ƙona abincin da uwa ta tanadar masa da iskar oksijin, a samo ƙarfi. Idan ruwa ya shige shi, ɗakunan nan su gyaru, shaƙar iska ta ƙaru, saiwa ta fasa ɓawo. Amma wani irin ko an jiƙa shi ba ya tsira, wannan shi ne barcin iri. Wani ɓawonsa ne ke tare iska, kamar sha'ir, wani kuma sinadarin ABA ne ke riƙe shi har sai sinadarin jibaralin ya rinjaya. Abin mamaki, masana sun gano cewa girgiza numfashin na ɗan lokaci yana iya tashe shi. Don haka masu lambun inabi a ƙasashe masu zafi suke fesa sinadarin sayanamid, idanun reshe su buɗe.

To, mece ce hikimar barcin? Ku dubi hatsinmu. Ɗan Adam ya daɗe yana zaɓen mai saurin tsiro har barcinsa ya ragu. Ruwan farko na sauka sai ya fito cikin kwana 2 ko 3. Idan sama ta ɗauke, ya ƙone, manomi ya sake shuka. Ciyawar daji kuwa ba ta fitowa gaba ɗaya, wani sashe yana nan kwance cikin ƙasa domin wata damanar. Mai gaggawa yana zuba dukan abin da ya mallaka a ruwan farko.

Kuma jiran iri yana iya yin nisa. A shekarar 2005 an shuka ƙwallon dabino da aka tono a Masada, kusa da Tekun Gishiri, mai kimanin shekara 2000, ya kuwa tsira. A nan ƙasar Maraɗi, tun daga 1983 Tony Rinaudo da manoma suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Da aka bar musu toho ƙalilan aka kula da su, sai gonakin da suka zama fako suka sake samun itatuwa.

Wani zai ce: ashe ke nan duk mai jira ya yi daidai. A'a. Ƙuduji ma yana jira. Ƙwayarsa tana iya wuce shekara 10 cikin ƙasa, ba ta motsi sai ta ji sinadarin da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa, sannan ta maƙale ta tsotse shukar. Ya ƙware a jira, amma jiran wahalar wani yake. Saboda haka jira kansa ba abin yabo ba ne, sai an duba abin da ake jira.

Haka nan jira yana da iyaka. Irin da aka aje cikin laima da zafi numfashinsa yana ƙaruwa, ya cinye guzurinsa, ya yi funfuna, ya mutu ba tare da ya tsira ba. Masanin iri Harrington ya kimanta cewa duk lokacin da aka rage laimar iri da kashi 1 cikin 100, ko zafin ma'aji da digiri 5, tsawon ransa yana ninkawa.

Daga nan muke fahimtar abin da ya raba haƙuri da ragwanci. Mai haƙuri yana taƙaita kashewa, yana tsare guzurinsa, kunnensa yana buɗe ga alamar lokaci, kuma abin da yake jira zai amfani jama'a. Rago yana cin guzurinsa yana zaune, idan lokaci ya zo ba ya da abin tashi. Magidancin da ya ɗaure cikinsa a tsakiyar damana ya ƙi taɓa irin baɗi, da saurayin da bai sami aiki ba amma yana koyon sana'a, suna cikin sahun farko. Kada mu yi musu gori. Wanda kuwa ya kwana ya wuni yana jiran gumin ɗan'uwansa, mu yi masa nasiha da taushin harshe tun guzurin bai ƙare ba.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.